Surukina a Bakin Taga

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na buɗe sabon wurin abincina, kuma ko na yi niyyar mantawa direbobin hanyarmu ba za su bari ba. Har yau in na shiga kasuwar Makarfi sai wani ya leƙo daga mota, ya ɗaga hannuwa biyu ya ce mini amin, amin, ya ja motarsa yana dariya. Na yi fushi har na gaji. Gara in ba da labarin da bakina, tunda kowa yana bayarwa, kuma kowa da irin gishirin da yake ƙara masa.

Ni mutumin Nasarawan Doya ne, amma tun ina saurayi nake sayar da abinci a bakin babban titin Zariya zuwa Kano, kusa da inda ake ratsewa a shiga Makarfi. Karatuna bai yi nisa ba. Na iya rubuta sunana, na iya karanta lambar mota, sauran na bar wa masu shi. Abin da na sani shinkafa da miya, da waina, da soyayyar kaza. Rumfar kwano ce da bencina, mota ta raɓe a gefen titi, mai sauka ya sauka ya ci. Haka muke har aka zo aikin faɗaɗa hanya, aka shafa wa rumfata jan fenti aka ce in ja baya. Ban yi gardama ba, filin da ke bayan na gado ne. Na ce tunda dai sai an rushe, bari in yi gini na gaske.

A tsakanin nan ne ciwon ƙafa ya kai yayana asibiti a Abuja, ni na raka shi. Wani ɗan garinmu da ke tuƙin tasi a can shi ya ɗauke mu, a hanya ya ce bari ya sayi abinci. Na gyara riga zan sauka, ya ce in yi zamana. Sai na ga ya shiga wani gida da motar, ya bi gefen gini ya tsaya daidai wata taga. Wata yarinya ta miƙo masa leda, ya miƙa mata kuɗi, muka fice ta ɗaya ƙofar. Ko injin bai kashe ba. Kafin mu isa masauki, a cikin kaina an riga an fara jera bulo.

Kada ku ce hauka ce zalla, akwai dalili. Duk wanda ya san direban haya ya san ba abin da ya tsana kamar fasinja su sauka. Da ka buɗe ƙofa, wannan zai tafi kama ruwa, wancan zai tsallaka sayen rake, wata za ta ce bari ta canza wa yaro wando, kafin ka tattaro su rana ta yi sama. Shi ya sa da yawansu suke wuce ni da yunwarsu, sai dai su ɗaga mini hannu. Na ce to ga magani ya zo. Abinci ta taga, ba sauka, ba ɓata lokaci.

Ina dawowa na kira birkila, na zana masa abin da nake so a ƙasa da tsinke. Ƙofar shiga ta wajen Zariya, ƙofar fita ta wajen Kano, taga a gaban gini tana kallon titi. Ya tambaye ni ko wurin karɓar magani zan buɗe, na ce ya yi aikinsa.

Gini ya kai linta, wato saman taga da ƙofa, sai ga Oga Bulus. Ma'aikacin kiyaye haɗurra ne, mutumin kudancin Kaduna, amma ya daɗe a wajenmu har in yana Hausa a bayan katanga ba za ka ce baƙo ba ne. Ya ci shinkafata shekaru da yawa, mun saba, har wasa muke. Ranar kuwa bai zo da wasa ba. Ya taka daga bakin kwalta zuwa inda tagar za ta zauna, ya koma, ya tsaya yana kallon sama da hanya. Wurin namu a ƙasan gangara yake, kuma kafin ka gangaro sai ka sha wata kwana, ba ka ganin abin da ke ƙasa sai ka fito daga cikinta. Ni na san da haka, a nan na tsufa. Sai dai ban taɓa haɗa kwanar da tagata a tunani ɗaya ba.

Oga Bulus ya ce darbejiyar da ke bakin ƙofar fita tana tare wa direba ido, na ce za a rage ta (kuma an rage). Ya ce ƙofar shiga ta matsi kwana da yawa, na ce haka filin ya zo. Sannan ya ce in mayar da tagar bayan gini, don motoci su zagaye ginin, layinsu ya zauna a cikin filina ba a kan hanya ba. Nan ne na kafe. Bayan ginin ba komai sai gonar rake da wurin wanke tukwane. Wa zai ga taga a can? Ni so nake duk wanda ya gangaro ya hango ta. In kuma za a faɗi gaskiya, so nake ya hango ni a cikinta.

"Maigida," ya ce, "daga tagar nan zuwa kwalta mota nawa za ta shiga?"

Na ce huɗu za su shiga a sake.

"Ta biyar fa, ina za ta tsaya?"

Na ce ai ba za a kai ga ta biyar ba, don kafin ta zo ta farko ta tafi. Na gani da idona a Abuja. Ya tambaye ni tsawon lokacin da kowace mota za ta yi a taga, sai na ɗaga hannu na ƙyasta masa yatsu a gaban fuska, na ce kamar haka. (In na tuna ƙyasta yatsun nan har yanzu sai in ji kamar in cusa hannun a aljihu.)

Ya ce shi ba shi ke ba da izinin gini ba, amma hanya tasa ce, kuma shi yake kwashe mutane a kwanar nan, ba ni ba. Ya ce ranar da ya ga bayan mota a kan kwalta saboda tagar nan, da hannunsa zai garƙame wurin, kuma shinkafar da ya ci ba za ta hana shi ba. Na ce na yarda. A raina kuwa cewa nake, masu kaki dai ba sa son ganin talaka ya yi abin zamani.

Na zaɓi ranar kasuwar Makarfi don buɗewa, saboda ranar ce hanya ta fi cika. Na aika tasha-tasha cewa wainar ranar farko kyauta ce. Na sa an yi mini babban allo an kafa can sama da ƙofar shiga, da hotona a jiki ina riƙe da faranti ina murmushi. (Na kan ce mai hoton ne ya ba da shawarar. Ba shi ba ne.) Na sha babbar riga ta shadda mai sitaci, na kori mai zuba abinci daga taga na ce ya koma wajen tukwane, yau ni da kaina zan miƙa. Daɓen ciki mun ɗaga shi saboda ruwan damina, don haka wanda ke taga daga sama yake kallon mota, kamar mai wa'azi a kan mumbari.

Da farko abin ya tafi yadda na zana. Mota ta shigo, na miƙa leda, ta fice. Wata ta shigo, haka. Fasinjoji suna leƙe suna mamaki, wani dattijo har ya ce lallai duniya ta zo Makarfi. Oga Bulus ya zo, yana zaune a inuwa can gefe da farantinsa. Duk motar da ta fita sai na waiga na dube shi, don ya san na gani ya gani.

Sai ga wata tsohuwar mota ruwan toka ta shigo layi, na gane ta tun daga ƙofa. Motar Sale ce, ƙanin maiɗakina. Ni da Sale wasa muke yi mai zafi, ba ya ganina bai tsokane ni ba, wannan ba komai ba ne. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne farin rawanin da na hango a kujerar gaba.

Surukina ne, Baba Malam, daga Malikanchi ta ƙasar Ikara. Tsoho ne mai karatu, kunnensa ya yi nauyi, ba ya yawan fita. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa tsayawa a kansa yana zaune ba. Shi ma haka, bai taɓa kiran sunana ba, in zai yi mini magana mai nauyi sai ya bi ta bakin wani. Na san maiɗakina ta aika masa ya zo ya sa albarka, amma na ɗauka gida za a kai shi, ko Sale ya ajiye mota a gefe. Ashe Sale ya ce sai tsoho ya ga abin da idonsa yadda ake yi.

Motar ta tsaya a ƙarƙashin tagar. Sale ya ɗago kai yana washe baki.

"Mai Shinkafa, leda biyu, a cika nama. Ga Baba na kawo ya ga Abuja."

To ku faɗa mini. Ina sama, surukina yana ƙasa, ina kallon tsakiyar rawaninsa. In miƙa masa leda ta kan ɗansa kamar wani fasinjan Kano, in ce na gaba ya matso? Ban ma tsaya tunani ba, ƙafafuna ne suka yanke hukunci. Na bar tagar, na fita ta ƙofar baya, na zagayo ɓangaren da yake zaune, na tuɓe takalmi na durƙusa a kan tsakuwa, kaina a ƙasa. Daga nan ba abin da nake gani sai tayar mota da ƙofarta.

Muka fara gaisuwa. Ya gida, ya iyali, ya yara, ya gajiyar hanya, ya ƙafar yayana, ya tumatir a bana, ya muka ji da haƙurin wata gwaggonsu da ta rasu. Saboda kunnensa, kowace tambaya sai an yi ta sau biyu. Duk wannan ban damu ba, na san gaisuwa tana da ƙarshe. Sai na ji ya yi gyaran murya, ya fito da tafukansa ta tagar mota. Sale ya kashe inji don girmamawa.

Ya yi wa wurin addu'a, da tukwanen, da wutar da ke ƙarƙashinsu. Ya yi wa iyayena da suka rasu. Ya yi wa masu ci da masu dafawa. Sai ya yi shiru. Na ce amin, na ɗan jira ya shafa ya ce in tashi, don ba ni zan miƙe in bar shi da hannu a sama ba. Shiru, shiru. Can sai ya sake ɗaukowa, ya yi wa direbobi, da matafiya na ƙasa da na ruwa, da damina mai zuwa. Ya sake yin shiru. Na sake cewa amin da ƙarfi, na jira. Ya sake ɗaukowa, wannan karon har da shugabanni da zaman lafiyar ƙasa da marasa lafiya na gida da na asibiti.

Ƙafafuna suka fara tsami, daga baya na daina jin su gaba ɗaya. Amma in gaya muku gaskiya, daɗi nake ji. Cewa nake a raina, ashe haka tsohon nan yake ƙaunata ban sani ba. Layin motoci kuwa ya faɗo mini a rai sau ɗaya, sai na kasa kunne. Ban ji hon ko ɗaya ba. Direbobinmu da ba sa iya jiran akuya ta tsallaka ba su danna ba, na ce to lallai ba kowa a baya.

Abin da ban sani ba shi ne, direban da ke bayan Sale ya ga dattijo mai farin gemu ya ɗaga hannu, ya ga mai wurin a durƙushe, sai shi ma ya ɗaga nasa. Fasinjojinsa suka ɗaga. Na bayansa ya gani ya ɗaga. Haka abin ya bi layi har ƙofa, har waje. Wa zai danna hon a kan addu'ar tsoho? Masu jin labarin waina kyauta kuma suna ta gangarowa suna shiga sahu, kowa yana cewa yanzu za a shafa a matsa.

Muna cikin addu'ar masu neman haihuwa na ji shi. Hon ne na babbar mota, dogo, ba ya yankewa, yana gangarowa daga kwana. Sai hucin birki, sai ƙarar taya tana cin kwalta, sai salatin mata. Sannan wani irin rugugi, ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin gwiwoyina, sai kuma shiru.

Na yunƙura zan tashi, ƙafafun da suka mutu suka ƙi, na kifa da fuska a jikin motar Sale. Na sake tashi na ruga, ba takalmi, babbar riga tana harɗe ni. Abin da nake faɗa a guje ban san shi ba, na dai san ina roƙon Allah ya ɗauki ginin da filin da duk abin da na mallaka, kada ya zama akwai rai.

Da na fito ƙofa na ga aikina. Layi ya cika filin ya fita. Wata bas cike da fasinja rabinta a ƙofata rabinta a kan kwalta, a bayanta kuma wata ƙaramar mota tana zaune daram a kan hanya. Gingimari ce ta ɗauko rake daga wajen Kudan za ta Kano. Ta bar titi ta faɗa gefen dama, ta tumɓuke allona, ta nutsa cikin yashin bakin gona ta jingina, rake ya zube ko'ina. Tsakanin hancinta da gefen bas ɗin, in mutum ya miƙa hannu zai taɓa duka biyun. Can sama a kan gangara na hango Oga Bulus yana saukowa a hankali, hularsa a hannu. Ashe tun da ya ga layi ya taɓa kwalta ya yar da farantinsa ya ruga sama yana kaɗa hula, shi ne direban ya gan shi tun kafin ya gama shan kwana, ya samu abin da ya samu na birki.

Na bi tagogin bas ɗin ɗaya bayan ɗaya ina leƙawa. Mata da goyo, 'yan kasuwa, wani tsoho rungume da kwandon kaji. Kowa na tambaya ko ya ji ciwo sai ya girgiza kai. Na je ƙaramar motar, mutum biyu ne, sun fito suna tsaye, lafiyarsu ƙalau. Direban gingimarin da mutanensa suka diro ta ɗaya ƙofar, ba wanda ko ƙwarzane ya yi. Duk abin da aka rasa a wurin, fitilar mota ɗaya ce, da allona, da wani fulas na kunu da ya fashe a cinyar wata mata.

Na zauna a ƙasa, a cikin raken, da shaddata. Ban taɓa jin daɗin zama irin na ranar ba. Wani sanyi ya sauko mini tun daga wuya har tafin ƙafa, na ji idona yana ruwa ban hana shi ba. Da an bar ni a nan, da na ce ranar ta ƙare lafiya.

Ba a bar ni ba. Direban gingimarin, wani ƙato mai jan ido, ya zagaya gaban motarsa ya fizgo allon daga jikin ƙarfe. Ya dubi hoton, ya dubi jama'a, ya sake duban hoton. Mutane suka dare, kowa yana nuna ni da baki. Ya zo ya tsaya a kaina ya ɗaga allon kusa da fuskata, ga ni ina murmushi da faranti, ga ni kuma a ƙasa ba hula ba takalmi.

"Kai ne wannan?"

Na ce ni ne.

Abin da ya biyo baya ba zai rubutu ba. Ya fara da ni, ya bi ta kan wanda ya sayar mini da siminti, ya sauka a kan wanda ya koya mini dafa shinkafa. Duk abin da ya faɗa ni ma na riga na faɗa wa kaina. Oga Bulus ya iso yana haki, ya fara da direban bas, ya tambaye shi dalilin da zai tsaya a kan kwalta a ƙasan kwana, in ma ya tsaya me ya hana shi danna hon a matsa masa. Direban ya ce shi ya ɗauka yanzu layi zai tafi, da ya ga hannun kowa a sama kuma sai ya zaci gawa aka fito da ita. Oga ya rabu da shi. Ya juyo wajena, ya sunkuyo, ya ƙyasta mini yatsu a gaban fuska sau ɗaya. Wallahi na fi jin wannan a kan zagin direban.

Ana haka sai jama'a suka sake darewa. Baba Malam ne yake tahowa da sandarsa, Sale yana riƙe da shi. Na yi ƙoƙarin gyara zama in durƙusa, ya kawar da kai kamar yadda ya saba. Ya dubi gingimarin, ya dubi bas, aka yi masa bayani a kunne. Ya yi hamdala da ya ji ba a rasa rai ba. Sai Sale, da yake bakinsa ba ya zama, ya ce masa ai Baba kai ma yau ka ja addu'ar da yawa.

Tsohon da Sale yake magana, ba da ni ba. Amma mai nauyin kunne ba ya sanin ƙarfin muryarsa, har na cikin bas sun ji.

"Ni fa tun a ta farko na gama. Kai ka ce mini nan ba a sauka, abinci ake miƙowa a wuce. Na yi shiru ban ga an miƙo ba, shi kuma bai tashi ba. To in buɗe baki in ce wa mijin 'yata ina abincin? Sai na ƙara."

Wata mata a cikin bas ta fashe da dariya, sai kowa ya kama. Har direban gingimarin ya ajiye allon ya riƙe ciki. Mutanen da yanzun nan suka ga mutuwa da idonsu, dariya suke har da hawaye, ina jin tsoron ne yake fita ta nan. Ni kuwa ina zaune ina haɗa lissafin abin. Duk shirun da yake yi, ashe leda yake jira. Duk amin ɗin da nake ƙara wa ƙarfi, shi ji yake kamar ina cewa a ƙaro. Ni ina jira ya sallame ni, shi yana jira in sallame shi, ga bayin Allah a kan kwalta da hannu a sama. Ƙaunar da na ɗauka tsoho yana yi mini kuwa, to, ban ce babu ba, amma ranar yunwa ce.

Oga Bulus bai zo da kwaɗo ba, nawa na ɗauko na ba shi da hannuna, ya rufe ƙofar shiga. Kafin nan an tura motocin duk an shigar da su fili, an sa ganye a sama da kwana don masu gangarowa. Abincin da aka dafa kuwa ba a mayar da shi tukunya, na ce a fito da shi duka. Fasinjojin da na yi ginin don kada su sauka, duk suka sauka, suka baje a inuwa suka ci, wasu suka tafi kama ruwa, wasu suka taya loda rake. Aka samo tarakta ta ja gingimarin. Direban ya ci faranti biyu, na gyara masa fitilarsa, da zai tafi har ya ce in gaishe da Baba. Shi Baba a cikin mota aka kai masa nasa, ni kuma na ɓuya a wajen tukwane har suka tafi.

Da na koma gida na tarar labari ya riga ni. Maiɗakina ta kawo mini ruwa tana danne dariya, kafaɗunta suna rawa. Da ƙyar ta ce ita dai ta rasa wanda za ta ba laifi tsakanin ubanta da mijinta, don duk ɗabi'arsu ɗaya. Na ce ta ba Sale.

Wurin ya yi makonni a rufe. Na sake kiran birkilan, ya toshe tagar gaba ya fasa wata a baya, wajen gonar raken da na raina. Yana aikin yana fito. Aka ja ƙofar shiga can ƙasa nesa da kwana, na sayi ɗan gefen filin maƙwabcina don ta samu wuri. Yanzu mota sai ta zagaye ginin kafin ta kai taga, ko layi ya yi tsawo a cikin gidana yake. A gefe guda kuma na kafa rumfa da tabarmi da wurin ajiye mota, duk mai son gaisuwa ya ratse can, a yi ta har la'asar ba wanda ya tare wa wani hanya. Tagar na ba Iya Talatu, wata mai dafa mana miya da ba ta da haƙurin magana. Sannu ɗaya take yi maka, in ka ce ya gida leda ce za ta amsa maka.

Oga Bulus ya zo ya taka ko'ina, ya hau gangara ya sauko, ya shiga da motarsu ya fita. Sannan ya miƙo mini kwaɗona, ya ce saura sharaɗi ɗaya. Na ce ya faɗa, ko me ne ne na yarda.

"Kai kada ka ƙara zuwa kusa da tagar nan. Na duba kwanar, na duba gangarar, ban ga abin da ya kai ka haɗari ba."

Ban ji haushi ba. Mutumin da ya hau gangara a guje da tumbinsa saboda wautata, ya faɗi abin da ya ga dama.

Ni ba mai yawan koyon darasi ba ne, shekaruna sun wuce. Amma na riƙe wannan: in ka ga wani abu a garin mutane ya burge ka, kafin ka kira birkila ka fara tambaya ko mutanen can suna da surukai. Mu nan muna da su, kuma ba a miƙa musu leda ta taga. Baba Malam yakan zo jefi-jefi in an kawo shi asibitin Makarfi. Sale ya ajiye mota a rumfa, kuma na ba da umarni mai ƙarfi, kafin in tuɓe takalmi a tabbatar abincinsa yana kan cinyarsa. Addu'ar gajera ce yanzu. Ya shafa, in shafa, kowa ya kwana a gidansa.